Motar da Ba a Turawa

Nura, na san abin nan bai bar ranka ba, ko da yake ba ka ƙara tayar da maganar ba. Ka saya wa ubanka mota lafiyayya, bai yi wata huɗu da ita ba ya kai ta Sabuwa ya yi musaya da wata tsohuwa mai hayaƙi. 'Yan'uwanka sun ce tsufa ne, mahaifiyarku ta ce taurin kai ne, kai kuwa ka ja bakinka ka yi shiru, kuma shirun naka ya fi maganarsu damuna. To ga yadda abin ya faru, gwargwadon yadda na gane shi, domin ba zan ce maku na gane shi duka ba.

Kun tashi kun iske ni ina jigilar mutane da buhuna tsakanin Ƙanƙara da Sheme da Faskari, a cikin farar motar nan mai dogon baya. Giyar hannu gare ta, irin wadda yaran yanzu ke kira manuwal. Ba zan yabe ta da ƙarya ba: ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta, kik ɗinta kuwa, abin da ke tayar da inji, ya mutu tun kana firamare, kuma duk gyaran da aka yi masa bai taɓa wuce sati biyu ba. Saboda haka kullum a kan gangaren masallacin unguwa nake ajiye ta, in sa mata dutse a gaban taya. In an idar da sallar asuba, gari ya fara haske, sai maza su fito su dafa mata baya. Ni kuma in shiga, in taka kuloci, in sa giya ta biyu, in jira har in ji ta ɗauki gudu, sannan in saki. Ta yi tari sau biyu ta kama. Babu wanda na taɓa roƙa ya tura, abin ya zama cikin tsarin safiyar unguwa.

Ku da ba ku tuƙa irinta ba, ban san yadda zan kwatanta maku daɗinta ba. Mota ce da ba ta yin komai sai ta ji daga gare ka. Kunnenka na kan inji, ƙafar hagu na kan kuloci, hannun dama na kan giya, kuma kafin injin ya fara kuka ka riga ka san abin da yake so. Da damina, in muka faɗa laka a hanyar ƙauye, ba fitowa nake in tsaya ina kallon sama ba. Ina lilo da ita ne, ɗaya, ribas, ɗaya, ribas, har ta fizge kanta ta fita, fasinjoji suna sa mani albarka. In na zo gangara da lodin masara, da giya nake riƙe ta, birki yana hutawa. Na sha dawowa gida gwiwata tana zafi, amma ban taɓa dawowa ina jin wani ne ya kawo ni ba.

Yanzu sai maganar Yaya Haruna, wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda kuke kira Baba Babba. Kun san ba ma shiri, amma ba na jin an taɓa gaya maku dalilin kai tsaye. Bayan rasuwar mahaifinmu mun ci gaba da zama gida ɗaya, zaure ɗaya. Da iyali suka yi yawa, sai na sayi bulo, na kira magina, na ja katanga a tsakiyar gidan, na fasa tawa ƙofar ta lungun baya. Ban shawarce shi ba. Na bari sai da kaka ta yi, yana wuni a gona, sannan na sa aka fara, don na san in na tambaye shi ba zai yarda ba. Ya dawo da yamma ya iske katanga ta kai ƙirji. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya dube ni.

"Tunda ka ja ta, Sule, sai ka zauna bayanta."

Wannan ce magana ta ƙarshe da ya yi mani. Shekara tara muna haɗuwa a sahu ɗaya, in yi masa sallama ya amsa, don kada mu shiga haƙƙin addini, daga nan babu ƙari. Laifina ne, na rubuta shi nan don kada wani ya gyara maku labarin bayan raina.

Amma ga abin da ba ku lura da shi ba, don lokacin kuna barci ko kuna makaranta. A cikin shekarun nan tara, Yaya bai taɓa fashin tura motata ba. Wurinsa ɗaya ne, kusa da fitilar baya ta hagu, har fentin wurin ya goge saboda tafin hannunsa. Ba ya kallona, ni ma ba na juyawa, ta madubi nake ganinsa. In ya sa hannu biyu da kafaɗa, na san lafiya ya kwana. In ya tura da hannu ɗaya, ɗayan yana dafe da ƙugu, na san bayan ne ya motsa, sai in sayo man shafawa a Funtua in ba mahaifiyarku ta kai wa matarsa Hajiya Dije, a ce ita ce ta tuna da su. Shi kuma in sabuwar masara ta fito, sai in buɗe bayan mota a tasha in ga an ajiye mani ƙulli guda, ba a ce daga wa ba. Haka muka zauna, kuma ni a ganina muna zaune lafiya.

Sai ga ka, Nura, da babbar Sallah, ka shigo unguwa da mota ruwan toka, yara suna bin ta a guje. Na ɗauka taka ce, ina ta yi maka addu'a, sai ka miƙo mani makulli.

"Baba, taka ce. Gwiwar nan taka ta gaji da kuloci. Wannan otomatik ce, ba ruwanka da canza giya, kuma ba sauran tara mutane da sassafe."

"To ita waccan fa?"

"Waccan ta gama aikinta, Baba. Na yi magana da masu sayen ƙarfe."

Na yi murna, Allah shaida ne, kuma da hannuna na ba su makullin tsohuwar. Kwana biyu bayan nan na wuce ta bakin kasuwa na ga sun riga sun raba ta gida-gida. Na hango ƙofarta jingine da bango, igiyar tana nan a jiki, na kau da kai na wuce.

Ranar farko da na shiga sabuwar, na leƙa ƙasa na ga abin takawa biyu maimakon uku, na ɗauka an cire ɗaya a hanya. Ka yi dariya, ka nuna mani wasu haruffa a jere, ka ce wannan na tsayawa, wannan na baya, wannan na gaba, shi ke nan karatun. Shi ke nan ɗin ne ya rikita ni. Ina ɗaga ƙafa daga birki sai ta fara tafiya ban ce mata komai ba. Muna isa kan titi sai na ji ta canza giya da kanta, hannuna na dama yana lalube a banza. Da muka zo kwanar tasha ƙafar hagu ta tashi neman kuloci, ta samu birki ta danne shi da ƙarfin shekara talatin. Mahaifiyarku tana baya da kwanon fura a cinya. Furar ta watsu mata, sai da ta gama share fuskarta sannan ta dube ni.

"Malam, halan yau ka fara koyon mota?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. A hanyar Sheme in na hango tudu na shirya masa, sai ita ta ga dama ta jira sai mun kai tsakiya sannan ta sauko da giya. In na so ta riƙe kanta a gangara sai ta saki jiki. Fasinjoji suna yabon sanyi da laushin kujera, ni kuwa ina zaune riƙe da sitiyari ban san ko ni ke tuƙa ta ko ita ke kai ni ba.

Wannan duka mai sauƙi ne. Safiyar farko, don sabo, na ajiye ta a kan gangare. Aka fito masallaci, maza suka nufo ta, Yaya yana cikinsu yana naɗe hannun riga. Na murɗa makulli, ta tashi tun kafin ya iso. Mutane suka yi dariya, suka ce an huta, kowa ya kama gabansa. Ta madubi na ga Yaya ya tsaya, ya warware hannun rigarsa a hankali, ya juya ya shiga zaure. Washegari ma haka. A rana ta uku bai ko dubi inda motar take ba. Sai na iske ina isa Faskari ban san yadda wana ya kwana ba, kuma ban san wa zan tambaya ba.

A nan ne na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Wata rana da la'asar na kunna fitilu da rediyo na bar su da gangan, don batir ya mutu. Da safe na murɗa makulli a gaban jama'a, ta yi shiru, na ɗaga hannu na ce a taimaka. Suka taru, Yaya ya zo ya kama wurinsa na hagu, raina ya yi fari. Aka tura. Na rasa kulocin da zan saka, na ja sandar giyar daga wannan harafi zuwa wancan, ba ta ko yi tari ba. Na ce a ƙara. Suka bi ta da gudu har ƙarshen gangare, suka wuce injin niƙa, sai da muka kai kwalbati sannan ta tsaya. Ɗanlami makaniki ya zo a kan babur da wani batir, ya ji abin da aka yi, ya riƙe baki.

"Baba, ai wannan ba a tura ta. Ko daga nan har Funtua za ku kai ta, ba ta tashi. Wa ya ce maku a tura?"

Ba wanda ya nuna ni, amma kowa ya dube ni. Yaya yana zaune a bakin kwalbati, hularsa a hannu, yana mayar da numfashi. Mutum ne mai shekara saba'in da ɗoriya, na sa shi gudu a banza. Na yi niyyar in je in ce masa sannu, na tsaya ina shawara da zuciyata, kafin in gama wani ya ɗora shi a babur ya kai shi gida. Ban ƙara ganinsa a tsaye ba.

Ba zan ce ban ji cewa ba shi da lafiya ba. Liman ya sa shi cikin addu'a, na ce amin tare da kowa. In mutane suka tambaye ni ya jikin Yaya, sai in ce da sauƙi, don ina jin kunyar su gane ban sani ba. A raina na yanke cewa ciwon bayan nan ne nasa na kullum, haɗe da fushin kunyar da na ba shi a kwalbati. Mahaifiyarku ta yi mani magana sau biyu.

"Malam, ka zagaya ka duba Yaya. Jikin nan ba irin wanda ka sani ba ne."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai aiko ni ba. Ya ma hana a faɗa maka."

"To kin gani."

Abin da na fahimta daga maganarta shi ne ba ya son ganina. Daga ƙofata zuwa zaurensa taku arba'in ne, na sha ƙirga su da ido. Amma shekara tara ban taka su ba, kuma ban san da wace fuska zan shiga ba, ko me zan fara cewa bayan sallama. Hanya ɗaya na sani tsakanina da shi, ita ce bayan mota. Sai na ƙudurta cewa in na samo mota mai giyar hannu na ajiye a gangare, zai ji ana turawa, zai fito, komai ya koma yadda yake. Yanzu da nake rubutawa ina ganin rashin hankalin abin. A lokacin kuwa gani nake dabara ce mai kyau.

Ashe irin motar ma ta zama abin nema. Na je wurin dillalai a Funtua, aka zagaya da ni fili guda, duk masu haruffa ne. Wani matashi a cikinsu ya ce mani yanzu ba a cika shigo da manuwal ba, don in an kawo sai ta shekara ba a taya ba, masu saye ba su iya ta ba kuma ba su son koyo. Ya tambaye ni ko don arhar gyara nake nema, na ce eh, don shi ne amsar da zai gane. A tasharmu masu irinta ba su saki, sun ce in ta tafi ba su samun wata. Na yi sati-sati ina bin labari, a ce akwai wata a Ketare, in je in iske ba inji, a ce akwai wata a Faskari, in je in iske an sayar. Ga hanya ba ta biyuwa in la'asar ta yi saboda rashin tsaro, kowace tafiya sai ta cinye mani yini guda. A ƙarshe wani fasinja ya ba ni labarin wani Alhaji mai sayen hatsi a Sabuwa, yana da wata shuɗiya a ajiye ƙarƙashin rumfa, 'ya'yansa sun ƙi taɓa ta. Sau uku ina zuwa kafin in same shi. Ya zagaya motarka, ya zagaya tasa, ya dube ni.

"Malam, musaya ka ce? Wannan da waccan?"

"Haka na ce, Alhaji."

"Ni kau ba ni son in cuce ka. Ka koma gida ka yi shawara da iyali."

"Na riga na yi."

Ƙarya na yi masa. Ya sa aka kira shaidu biyu, ya sake tambayata a gabansu, sannan ya karɓi makulli. Da na taka kulocin shuɗiyar nan na ji giya ta shiga, sai da idona ya kawo ruwa. Tun daga Sabuwa har gida ina canza giya ko da babu dalili. Da yamma ka kira, don labari ya riga ni isowa. Ka ce, "Baba, da ka faɗa mani ba ka so." Na ce maka ba a samun kayan gyaranta a nan. Wannan ma ƙarya ce, kuma na ji a muryarka ka san ƙarya ce.

Ita shuɗiyar kik ɗinta lafiya lau, sai da na sassauta kan batir da hannuna. Da safe aka fito, aka yi mani tsiya, aka ce Malam Sule ya koma gidan jiya, aka tura. Na saki kuloci ta kama, na ba ta wuta sosai a daidai zauren Yaya don ya ji. Wurin fitilar hagu wani maƙwabci ne ya dafa. Rana ta biyu na ce su dakata, na yi ta goge gilashi ina satar kallon zauren har rana ta fito. A rana ta uku ina cikin wannan jan lokaci sai ga Hajiya Dije a bakin zaure da mayafi. Tunda aka kawo ta gidan ban taɓa ganinta ta fito wurin maza da safe ba. Ta yafito ni.

"Malam Sule, wa kake jira?"

Na ce ba kowa, mota ce ta ƙi tashi.

"Shina jin ka. Kwana ukku ke nan in ka tayar da ita sai ya yi ta kallon ƙofa. Ka shigo, don girman Allah."

Na bi ta. Gidan da aka haife ni ne, amma sai da ta nuna mani ɗakin. Yaya yana kwance a kan katifa a ƙasa, ya rame, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Na yi sallama. Leɓensa ya motsa, wani sauti ya fito, amma ba amsa ba ce. Na durƙusa na kama hannunsa na hagu, ya riƙe ni da ƙarfi. Na buɗe baki in ba shi haƙuri a kan katanga, sai na ji kaina ina gaya masa cewa na samo mota a Sabuwa, giyarta biyar, inji bai taɓa sauka ba. Ya yi ta kallona ina zuba, hawaye yana bin gefen idonsa, ban san ko na murna ba ne ko na takaici.

Da na fito tsakar gida na tambayi Hajiya yaushe abin ya same shi. Ta ce kwana biyu bayan turin kwalbati ya faɗi a bayan gida. Na tambaye ta ko turin ne ya jawo, ta ce likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe, Allah kaɗai ya san sauran. Har gobe ina juya wannan a raina ban samu matsaya ba. Sannan na tambayi bakin.

"Ai da farko shina magana sarai," in ji ta. "Wata biyu cur shina magana. Bai fi sati ukku ba da ya sake bugunshi, bakin ya ɗauke."

Na lissafa a zuciyata. Sati uku da suka wuce ina hanyar Sabuwa a zuwana na farko.

Yaya ya ƙara wata bakwai a duniya. Kullum in an fito masallaci gidansa nake fara shiga, ni ke juya shi, ni ke kai shi asibiti a shuɗiyar, ina lallaɓa kuloci don kada ramuka su girgiza shi, ina tuna laushin kujerar da na bayar. Na nemi gafararsa a kan katangar ba sau ɗaya ba, kowane lokaci sai ya matse mani hannu, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin yafiya don ba ni da wata fassarar. Nura, motarka ba ta yi mani laifin komai ba, kai ma haka. Ka yafe mani ƙaryar kayan gyara.

Bayan an yi addu'ar bakwai na zauna da Hajiya, na tambaye ta ko a cikin wata biyun nan da yake magana ya taɓa ambatona. Ta ce kusan kullum. Ta ce akwai wata magana da yake son gaya mani, har ta roƙe shi ya faɗa mata ta aiko mani da ita ta wurin mahaifiyarku.

"To mi ya ce?"

"Ya ce a'a, ba ta aike ba ce. Ya ce, 'Ƙyale shi, Sule zai shigo, in ya shigo na faɗa mashi da bakina.'"

Na tambaye ta ko ta san maganar. Ta ce ba ta sani ba.